Ziyarar Aboki a Meziko: Yadda Za Ka Shirya, Ka Sauka, Ka Ga Gari

Duk wanda yake da aboki ko ɗan'uwa mazaunin Meziko, aka kuma ce masa "ka zo mana", ya samu abin da kuɗin otal ba ya saye. Ɗan yawon buɗe ido yakan sauka a Kankun, ya yi 'yan kwanaki a bakin teku, ya koma gida bai san abin da mutanen ƙasar ke ci da rana ba. Kai kuwa cikin gida za ka shiga. Za ka ga yadda ake sayen ruwan sha da gas, ka bi uwar gida kasuwa, ka zauna cin abinci ranar Lahadi da kaka da jikoki. Don haka shawarata ita ce ka ɗora tafiyar kan tsarin gidan da za ka sauka, wuraren kallo kuma a saka su inda suka samu gurbi. Na ɗauka abokin naka yana Birnin Meziko, babban birnin ƙasar, wanda shi da kewayensa ke ɗauke da mutum sama da miliyan 20.

Mataki na farko: ku tsayar da lokaci tare

Kafin ka nemi biza, ka tambayi mai masaukinka yaushe yake da sarari. Ma'aikaci a wannan birni yakan ɓata awa ɗaya ko biyu a hanya kafin ya isa wurin aiki, ya dawo da dare a gajiye. In ka zo lokacin da ba shi da hutu, Asabar da Lahadi kawai za ka same shi. Mako biyu zuwa uku ya isa. Ƙasa da haka wahalar jirgi ta fi ribar yawa, fiye da haka kuma sai ka fara zame wa mutane nauyi.

Damina tana farawa wajen Mayu ko Yuni ta kai Oktoba, kuma ruwan yakan sauko ne da la'asar, safiya garau. Daga Nuwamba zuwa Afrilu rani ne. A Disamba da Janairu dare yana da sanyi sosai, yawancin gidaje kuma ba su da na'urar ɗumama ɗaki. In kana son ganin gari a cike, akwai daren 15 ga Satumba, lokacin da shugaban ƙasa ke fitowa barandar fada ya maimaita kiran da limamin coci Miguel Hidalgo ya yi a 1810, wanda ya tayar da yaƙin neman 'yanci. Akwai kuma bikin tunawa da matattu a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba. Sai dai a irin waɗannan lokuta tikiti yana tsada.

Mataki na biyu: biza da hanyar da za ka bi

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma Meziko tana da ofishin jakadanci a Abuja. Mutum da kansa yake zuwa a yi masa tambayoyi, da fasfo, da hoto, da takardun banki ko na wurin aiki da ke nuna yana da abin hannunsa. Wasiƙar gayyata daga aboki tana da amfani, amma ba ta maye gurbin wannan shaida. Akwai sauƙi guda da mutane da yawa ba su sani ba: wanda ke da bizar Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko ta ƙasashen Turai na Shengen da ba ta ƙare ba, yana iya shiga Meziko da ita a matsayin baƙo. Dokokin shige da fice suna canzawa, saboda haka ka tabbatar daga ofishin jakadancin kafin ka biya kuɗin tikiti. Ka guji ɗan tsakiya da zai ce zai "haɗa maka komai".

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya ko Nijar. Dole a yada zango, kuma a nan ne mutane ke faɗawa rami. Masu fasfon Najeriya da Ghana suna cikin waɗanda ƙasashen Shengen ke nema wa bizar wucewa ko da ba za su fita daga filin jirgi ba, sai in suna riƙe da wata biza da ta ɗauke musu wannan, irin ta Amurka ko Kanada. Wato tikitin da ya bi ta Faris, Amsterdam, Frankfurt ko Madrid yana iya zama da araha a allo amma a hana ka hawa jirgi tun daga Abuja. Amurka kuwa ba a wucewa ta cikinta ba tare da bizarta ba. Shi ya sa da yawa ke bi ta Istanbul da Turkish Airlines, wanda ke zuwa Birnin Meziko kai tsaye daga can, tafiyar kimanin awa 14 zuwa 15. Ka sayi tikitin zuwa da dawowa a haɗe, kuma katin rigakafin shawara ya kasance cikin fasfonka.

Mataki na uku: kaya

Rigar sanyi mai kauri ɗaya, takalmin tafiya mai daɗi, hula ko malfa saboda rana, sallaya mara nauyi, da ƙaramar buta, domin banɗakunansu ba su san da ita ba. Wutar lantarkinsu mai ƙarfin volt 127 ce, soket ɗin kuma irin na Amurka mai baki biyu a miƙe. Cajar waya da ta kwamfuta sukan yi aiki in ka samu mahaɗi, amma dutsen guga ko abin dafa ruwa na gida ba zai yi abin kirki ba.

Tsaraba kuwa, ka bar kilishi da dambun nama a gida, komai son da abokinka ke musu. Ma'aikatan duba kayan gona a filin jirgi suna ƙwace nama da ɗanyun 'ya'yan itace da iri, goro ma yana iya shiga sahu. Duk abin ci da ka ɗauko, ka bayyana shi. Abin da ke burge mutanen can shi ne aikin hannu: jakar fata ko takalmi na Kano, hula mai aiki, yadin atamfa ko rini ga uwar gida. Kada ka manta da tsohuwar gidan. In ka samu zuciyar kaka, ka samu gidan duka.

Kuɗi: ba a canza naira ko sefa a can. Ka riƙe dalar Amurka ko katin da ke aiki a waje. A 'yan shekarun nan dala ɗaya tana kai-komo tsakanin peso 17 zuwa 20. Alamar da suke rubuta farashin peso da ita iri ɗaya ce da ta dala, kada ka ga an rubuta 50 a kan kwalbar lemo gabanka ya faɗi. Kuɗin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana shi ga kwastan.

Mataki na huɗu: gaban jami'in shige da fice

Nan ne ya fi buƙatar natsuwa. Meziko hanya ce ta masu neman tsallakawa Amurka, cikinsu har da 'yan Afirka da yawa, don haka ana tsananta wa mai fasfo irin namu tambaya, kuma biza ba ta hana a mayar da mutum. Ka buga komai a takarda, kada ka dogara da waya: tikitin komawa, wasiƙar gayyata mai ɗauke da adireshin gidan da lambar mai gidan, kwafin katin shaidarsa, da ɗan jadawalin wuraren da kake son gani. Ka gaya wa abokinka ya kasance a filin jirgin, wayarsa a kunne, domin ana iya kiransa. Amsarka ta zama gajera, ta kuma dace da abin da ke cikin takarda.

Doka ta ba baƙo har kwana 180, amma jami'in ne ke rubuta adadin da ya ga dama. Ka duba hatimin kafin ka bar wurin. In ya rubuta 15 alhali za ka yi 20, a nan take za ka nuna masa tikitinka.

Ka kuma san filin da za ka sauka. Akwai tsohon filin Benito Juárez a cikin gari mai tasha biyu, akwai sabon Felipe Ángeles da aka buɗe a 2022 can nesa a arewa. In ba a zo ɗaukarka ba, ka sayi tikitin tasi a kantunan da ke cikin filin, ka bar masu tare mutane a bakin ƙofa.

Mataki na biyar: kwana biyun farko, ka yi a hankali

Birnin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,240 daga teku. Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi zai ji numfashinsa na sama-sama in ya hau bene, ga ɗan ciwon kai da bushewar leɓe. Ga kuma bambancin awa 7, mu ne a gaba: ƙarfe 8 na safe a can, ƙarfe 3 na rana ne a gida. Ka sha ruwa da yawa, ka yi barci, ka zaga unguwa kawai. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko sikila ya ga likitansa tun kafin ya taso. Ka sayi layin Telcel a kantin Oxxo, wanda kusan kowace kwana akwai shi, ka sa abokinka ya rubuta maka adireshin gida a takarda har da sunan unguwa, domin titi mai suna ɗaya yana iya maimaituwa a unguwanni da dama.

Waɗannan kwanaki ne za ka koyi gari da kunne. Ƙararrawar hannu da safe, mai shara ne ke sanar da cewa mota ta iso, kowa ya fito da bokitinsa da 'yan sulallan tukuici. Wanda ke jan murya yana kiran gas, tukunyar gas yake sayarwa. Wata muryar yarinya da aka naɗa tana fita daga lasifikar a-kori-kura, masu sayen tsohuwar katifa da firji da ƙarafa ne. Da dare za ka ji wani fito mai tsini kamar na jirgin ƙasa, kada ka firgita, mai gasa dankali da ayaba ne ke sakin tururin kurarsa. Ruwan famfo ba a sha. Ana sayen babbar gora mai lita 20, kuma in ka ga ta kusa ƙarewa ka riga mai gida biya. A gidaje da yawa takardar banɗaki a kwando ake jefa ta, ba a cikin masai ba. Gidaje da yawa kuma suna da kare a cikin falo, har kan kujera. Ka tambaya tun kana gida, a san yadda za a keɓe maka ɗakin da za ka yi salla.

Gaisuwa tana da nauyi a wurinsu, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. In ka shiga shago ko lif ka ce buenos días da safe, buenas tardes da rana. In za ka ratsa mutane ka ce con permiso. In ka wuce masu cin abinci ka ce provecho. Babba ana ce masa señor ko señora, ko a sa don ko doña gaban sunansa, a kuma yi masa magana da usted, kalmar girmamawa, maimakon tú da ake yi wa tsara. Mace da namiji sukan gaisa da haɗa kunci sau ɗaya. In ba ka yin haka, ka ɗora hannu a ƙirji ka ɗan rusuna da fara'a, kuma ya fi kyau abokinka ya yi wa iyalinsa bayani kafin ka iso, don kada wata ta miƙo fuska ka ja da baya a ji kunya.

Mataki na shida: abinci, inda aikin yake

Babban abincin yini shi ne na tsakanin ƙarfe 2 da 4 na rana. Da dare abu kaɗan ake ci, burodi mai zaƙi da madara ko ɗan taco, wato faifan masara da aka naɗe nama ko wani abu a ciki. In aka gama cin na rana ba a tashi nan da nan. Ana zama a tebur ana hira, ranar Lahadi har awa biyu. Kada ka yi gaggawar miƙewa, a nan ake sanin mutum.

Wata rana ka roƙi a aike ka shagon tortilla wajen ƙarfe 1 na rana. Za ka tarar da layi, mata da yara da tsofaffi, da yawa riƙe da ƙyallen naɗewa daga gida. Inji yana ƙara, yana yanko faifan ƙullun masara yana bi da su ta kan wuta, suna faɗowa da zafinsu, mai shago tana tarawa a kan sikeli tana sayarwa da kilo. A kan kanta akwai ɗan kwanon gishiri. Wanda aka miƙa wa nasa yakan zare ta sama, ya barbaɗa gishiri, ya naɗe ta a tafin hannu ya ci a tsaye. Masarar ana dafa ta ne da ruwan farar ƙasa kafin a niƙa, abin da ke ba ta wannan ƙamshi, yake kuma sa jiki ya amfana da sinadaran da ke cikinta. A wannan ƙasa aka fara noman masara kimanin shekara 9,000 da suka wuce, kafin ta bazu duniya har ta iso gonakinmu.

Ga Musulmi, matsalar ba naman alade da ake gani ba ce, kitsensa ne da ba a gani. Ana kiransa manteca, kuma yana shiga wuraren da ba za ka zata ba: cikin tamales, wato ƙullun masara da ake turarawa a ganye, cikin soyayyen wake da aka dama, wani lokaci cikin tortilla ta fulawa, cikin wasu burodi, har da miyar mole. Naman da za ka gani yana juyawa a tsaye a jikin ƙarfe da abarba a samansa, wanda ake kira al pastor, ya samo asali daga shawarmar da 'yan Lebanon suka kawo, amma na alade ne. Haka carnitas, chicharrón, chorizo, longaniza, cochinita, jamón da tocino. Miyar pozole ma galibi da shi ake yi. Ko ka nemi naman shanu a wurin mai taco na titi, ka leƙa kaskon tukuna: sau da yawa naman shanun da tsiran alade a mai ɗaya suke iyo.

Ka haddace jimla biyu. No como cerdo, ba na cin alade. ¿Tiene manteca?, akwai kitse a ciki? Ka yi duka biyun, domin mai abinci yana iya ce maka babu alade da zuciya ɗaya, don shi a ganinsa kitse ba nama ba ne. Res shanu ne, pollo kaza, pescado kifi, borrego rago, chivo akuya. Batun yanka kuwa, ka tattauna da malaminka kafin ka taso, ka san matsayarka. Naman halal yana samuwa a babban birnin amma sai an nema, kuma jama'ar masallaci ne suka fi sanin inda yake.

Abin da ya rage maka ba kaɗan ba ne. Kifi da jatan lande iri-iri, ƙwai da tumatir da barkono da safe, waken tukunya da ba a soya ba, quesadilla, wato tortilla da aka ninke da cuku da furen kabewa, ganyen nopal, wani tsiro mai ƙaya, fiya, dafaffiyar masara a kofi da lemun tsami da yaji, ga mangwaro da gwanda da kankana a yanke a kowace kwana. Wajen sha za ka yi dariya: jan ruwan da suke kira agua de jamaica zoɓo ne, tamarindo tsamiya ce, horchata kuma ruwan shinkafa ne da kirfa. A garin Oaxaca da ke kudu ana soya fara da gishiri da lemun tsami da barkono a sayar a kwando. Ka kiyayi pulque da mezcal da tequila, giya ce duka, tepache ma abarba ce da aka bari ta ɗan yi tsami. Miyar yaji kuwa ka ɗiga a bayan hannu ka ɗanɗana tukuna, ko da an rantse maka ba ta da zafi.

Na rana mafi araha yana ƙananan gidajen abinci na unguwa da ake kira fonda: miya, shinkafa, babban abinci da abin sha a farashi ɗaya. A titi ka ci inda layi ya fi tsawo. A gidan abinci ana barin tukuicin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Tsofaffin da ke zuba kaya a leda a manyan kantuna ba su da albashi, da abin da aka miƙa musu suke rayuwa.

Kuma wata rana ka karɓi kicin. Shinkafa, tumatir, albasa, tattasai da barkonon habanero, ɗan'uwan attaruhu, duk suna kasuwa. Tukunyar dafa-duka ɗaya za ta biya maka abin da kuɗi ba za su biya ba, domin in ka ce za ka ba da kuɗin masauki ba za a karɓa ba, wataƙila ma a ji haushi. A waje kuma wanda ya ce yo invito, wato ni na gayyata, shi ke biya, don haka kai ma ka riƙa rigan su faɗa lokaci-lokaci.

Mataki na bakwai: zirga-zirga

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, Metro, an buɗe shi a 1969, yana da layi 12 da tasha 195, kuɗinsa peso 5 duk nisan da za ka je. Kowace tasha tana da hotonta, fara ko agwagwa ko ƙararrawa, don haka ko ba ka jin Sifaniyanci za ka gane inda kake. Kati ɗaya yana yi maka Metro da jan bas na Metrobús da motar igiya ta sama. Taragun gaba na mata ne da ƙananan yara, namiji ya kiyaye. Daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe da 6 zuwa 8 na yamma cunkoso ne na fitar hankali, 'yan sane kuma a nan suke cin kasuwa. Waya a aljihun gaba, jaka a ƙirji. Da dare ka kira Uber ko DiDi maimakon tare tasi a titi. In abokinka ya ce yau motarsa ba ta fita, ba rowa ba ce: tun 1989 akwai dokar da ke hutar da wasu motoci rana ɗaya a mako bisa lambarsu, saboda hayaƙi.

Mataki na takwas: wuraren kallo

Ranar Litinin yawancin gidajen tarihi a rufe suke. Ranar Lahadi 'yan ƙasa ke shiga da yawansu kyauta, sai su cika. Kwanakin tsakiyar mako, lokacin da mai gida ke wurin aiki, su ne naka.

Ka fara da Zócalo, babban dandalin tsakiyar gari. A nan Tenochtitlan yake, birnin Aztek da suka mulki yankin kafin zuwan Turawa, wanda aka kafa a 1325 a kan tsibiri cikin tafki, Hernán Cortés da mayaƙan Sifaniya da abokan ƙawancensu na cikin gida suka ci shi a 1521. An janye ruwan tafkin an yi gini a kan laka, shi ya sa birnin ke nutsewa a hankali. Ka dubi tsofaffin gine-gine za ka ga sun karkace. Babbar cocin da ke gefen dandalin an fara ta a 1573 ba a gama ba sai 1813. Dab da ita akwai kangon babban wurin bautar Aztek, wanda aka tono bayan ma'aikatan lantarki sun ci karo da wani ƙaton dutse mai sassaƙa a 1978.

Gidan tarihin al'adun ɗan Adam da ke dajin Chapultepec, wanda aka buɗe a 1964, shi ne wurin da ba zan yarda ka tsallake ba. Kada ka ce sai ka ga komai. Ka zaɓi zauren Aztek, inda Dutsen Rana yake, da na Maya, da manyan kawunan dutse na Olmek, ka bar sauran. Bayan nan ne zuwa kangon tsohon birnin Teotihuacán zai yi maka ma'ana. Yana da nisan kusan kilomita 50, ana samun bas daga tashar arewa. Ba Aztek ne suka gina shi ba, sun tarar da shi kango ne ɗaruruwan shekaru bayan an watse. Ginin da ake kira Dalar Rana ya kai kusan mita 65. Ka isa da sassafe, wurin babu inuwa, ranar tudu kuma tana ƙuna ko ana sanyi.

Xochimilco, inda ragowar magudanan tafkin suke, da iyali ake zuwa. Ana hayar kwalekwale mai fenti da awa, kuɗin na jirgin ne gaba ɗaya ba na kowane mutum ba, ku daidaita kafin ku hau. Da yammacin Asabar wurin na matasa ne da kiɗa da shaye-shaye. Safiya ta fi. Gidan mai zane Frida Kahlo a Coyoacán sai an sayi tikiti ta intanet tun da wuri. Ranar Lahadi da safe ana rufe babban titin Reforma ga motoci har ƙarfe 2, gari ya fito da kekuna. Mai son ƙwallo ya leƙa filin Azteca, inda aka buga wasan ƙarshe na kofin duniya a 1970 da 1986. Mai son dariya ya bi yaran gida kallon kokawar masu rufe fuska a Arena México daren Juma'a.

Amma in lokaci ya ƙure, na fi so ka bar ɗaya daga cikin waɗannan ka bi uwar gida tianguis, kasuwar da ke ci sau ɗaya a mako a titin unguwa ƙarƙashin rumfunan leda masu launi. Masu kaya za su miƙo maka yankan mangwaro a bakin wuƙa ka ɗanɗana. Ba a cika tayi a kayan miya ba, farashi a rubuce yake a kwali. A kayan aikin hannu ne ake ɗan ragi, shi ma ba rabin kuɗi ba.

Salla da bukukuwan gida

Musulmi kaɗan ne ƙwarai, ƙidayar 2020 ta samu kusan 8,000 cikin mutum miliyan 126. Ba za ka ji kiran salla ba, sai ka dogara da manhajar waya. Alƙibla tana arewa maso gabas. Ana sallar Juma'a a cibiyar Musulmi da ke unguwar Anzures, kusa da Polanco. A kudu, a San Cristóbal de las Casas ta jihar Chiapas, akwai 'yan asalin ƙasar daga ƙabilar Tzotzil da suka musulunta tun shekarun 1990.

Yawancin gidaje Katolika ne. Za ka ga hoton Maryamu ta Guadalupe a falo, a tasi, a kasuwa, kuma ranar 12 ga Disamba miliyoyi ke tattaki zuwa cocinta. In ka zo farkon Nuwamba za ka tarar da tebur a gida da hotunan mamata, da furanni ruwan lemo, da abincin da suke so lokacin suna raye. Ba wanda zai tilasta maka shiga abin da bai dace da addininka ba. Ka tambayi su wane ne a hoton, za a ba ka tarihin gidan kaf.

Tsaro da girgizar ƙasa

Tun ranar farko ka tambayi mai gida abin da ake yi in jiniyar girgizar ƙasa ta tashi. Lasifikoki ne a kan turakun titi, sukan ba da 'yan daƙiƙu kafin ƙasa ta motsa. Ba a shiga lif. Wanda ke ƙasa ya fita fili, wanda ke bene mai nisa ya tsaya inda aka nuna masa. Birnin ya sha mummunar girgiza a ranar 19 ga Satumba 1985, ya sake sha a rana irin ta a 2017, kuma duk shekara ana atisaye a wannan rana. Lambar gaggawa 911 ce.

Rikicin masu safarar ƙwaya gaskiya ne, amma ya fi tsanani a wasu jihohi irin su Sinaloa, Tamaulipas, Zacatecas, Michoacán da Guerrero. A cikin birni, in abokinka ya ce kada ka shiga unguwa kaza, kada ka yi gardama. Ka cire kuɗi a na'urar da ke cikin banki da rana. Baƙar fata yana jan ido, musamman in ya sa kaftani. Za a tambaye ka ko daga Haiti ko Kuba kake, wasu su nemi hoto. Galibi son sani ne.

In za ka fita wajen birni

Manyan bas na kamfanoni irin su ADO suna da kyau, da kujera mai lamba. Puebla awa 2 ce, ana iya zuwa a dawo a yini. Oaxaca kimanin awa 7, tana son kwana uku. Ka riƙe fasfonka na asali, domin jami'an shige da fice suna tsayar da bas a hanya, kuma kai za su fara tambaya. Ka yi tafiyar da rana. A jihar Veracruz, kusa da Córdoba, akwai garin Yanga, mai sunan wani ɗan Afirka da ya jagoranci bayin da suka gudu zuwa duwatsu, suka yi tsayin daka ga sojojin Sifaniya a 1609 har aka amince musu da garinsu. A ƙidayar 2020 mutum miliyan 2.5 ne suka ce su jinin Afirka ne.

Komawa

Tsaraba ka saye ta a kasuwar Ciudadela, inda aikin hannu na jihohi daban-daban ya taru a wuri ɗaya: tangaran na Puebla, azurfar Taxco mai hatimin 925, barguna da mayafai masu saƙa. Gahawar Chiapas ko Veracruz da cakulan Oaxaca ba su da nauyi. Ruwan vanilla da kwalaben yaji a babbar jaka za su shiga, a naɗe cikin tufafi, in ba haka ba a karɓe su a wurin bincike. Ka sake duba wane fili da wace tasha jirginka zai tashi, ka bar gida awa 4 kafin lokaci in ranar aiki ce, 5 in Juma'a ce da yamma kuma ana ruwa.